Niyya a Cikin Ciniki: Ajiya Ko Ɓoyo, Tayi Ko Yaudara

 Yau ba farashin gero da dawa na kawo muku ba, wannan yana can a shafinsa. Wata mas'ala ce wadda ta daɗe tana ta da gardama a rumfunanmu, watau mas'alar niyya. In an tuhumi mutum da ɓata kasuwa, shin sai an tabbatar ya yi nufin cuta kafin a hukunta shi, ko kuwa aikinsa kaɗai ya isa?

Abin da ya ta da maganar kowa ya san shi. Cikin watan Fabrairu na 2024, sa'ad da tsadar abinci ta kai inda ta kai, Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Barista Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta rufe sito goma a Dawanau da kewayenta bisa zargin ɓoye kayan abinci. Shugabannin kasuwar suka ce sam ba haka ba ne, Dawanau kasuwar sari ce, kaya su shigo yau su fita gobe, ba kuwa inda za a jibge su sai sito. Bayan 'yan kwanaki aka zauna aka daidaita, aka buɗe wuraren. Ba shari'ar wannan magana na zo yi ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, ba a yi jayayya a kan buhunan ba. Kowa ya yarda suna nan, an gan su, an ƙirga. Jayayyar duk a kan abin da ke zuciyar masu su take. Buhu kuwa ba ya magana.

To, ku ɗauka ga sito biyu jere da juna, kowanne da buhun masara ɗari biyar. Mai na farko ya saya da kaka, lokacin da hatsi ya yi yawa har manomi yana roƙon a saya, ya ajiye zuwa bazara. Mai na biyu ya jira sai da hatsi ya yi ƙaranci, ya bi kasuwa ya kwashe ɗan abin da ya rage, ya danna kwaɗo yana jiran ta ƙara zafi. Wanda ya leƙa ta taga abu ɗaya zai gani. Amma malamanmu na fiƙihu ba su mai da su ɗaya ba. Na biyun shi ne mai ihtikari. Imamu Malik ya tafi a kan ana hana ihtikari a duk abin da riƙe shi zai cuci kasuwa, ko abinci ne ko waninsa, in kuwa bai cutar ba to babu laifi. Manomin da ya zuba amfanin gonarsa a rumbu ba ya cikin wannan hukunci, haka nan falken da ya ɗauko kaya daga wani gari ya kawo. Sai fa in yunwa ta tsananta, a nan mai iko yana iya tilasta wa duk mai rara ya fito da ita ya sayar a kan kuɗin kasuwa.

Ku duba inda aka ɗora ma'aunin. Ba a ce a tsaga ƙirjin mai sito ba. An ce a duba yaushe ya saya, daga ina ya saya, kuma shin riƙon nasa ya ƙuntata wa mutane. Duk abubuwa ne da ido ke gani. Neman riba kuwa, da shi kaɗai laifi ne, da ba sauran ɗan kasuwa a waje, gama ba wanda ya taɓa zuba gero a sito da niyyar ya faɗi. Kuma in babu masu ajiya, da kaka hatsi zai zama banza manomi ya sha kunya, da damina kuma a nema a rasa. Ai mun ga ɗaya fuskar abin ba da daɗewa ba. Cikin watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Zuwa 2025 farashi ya karye, waɗanda suka cika sito da kaka suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Niyyar da aka zarga a 2024 ita ce dai niyyarsu, amma wannan karon ba wanda ya kira ta laifi, rashin dabara aka kira ta.

Ta wajen dokar gwamnati kuma akwai abin da da yawanmu ba su lura da shi ba. Dokar ƙayyade farashi ta 1977, wadda ta mai da ɓoye kaya laifi, tana aiki ne a kan kayan da ta jera: gishiri, sukari, fulawa, madara, ashana, man fetur da danginsa, keke, babur, mota da kayan gyaransu. Gero da dawa da masara ba sa ciki.

Yanzu sai najashu, wanda a nan ne niyya take cin kasuwarta sosai. Najashu shi ne mutum ya yi tayi alhali ba saye zai yi ba, don kawai wani ya ji ya bi bayansa ya ƙara. Mutanen kara sun fi kowa saninsa, amma a wurin awo ma ana yi. Mutum biyu su tsaya kan buhu ɗaya, kowanne ya ce dubu talatin. Magana ɗaya, murya ɗaya. Ɗaya mai saye ne, ɗaya kuwa ɗan kore ne da aka ajiye. In ka cire niyya, babu laifi ko kaɗan a cikin wannan magana, domin tayi halal ne, janyewa bayan tayi kafin a sallama ma halal ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashu, kuma a Muhtasar na Shehu Halil an hukunta cewa in mai kaya ya san da shirin, mai saye yana da ikon mayar da kayan. Ga sani ya shigo ke nan. In mai kaya bai sani ba, zunubin na ɗan koren ne shi kaɗai, ciniki ya zauna. Har wa yau, Alƙali Ibnul Arabi, malamin Andalus, yana ganin wanda ya ga ana neman a danne mai kaya ya ƙara tayi don kayan su kai ƙimarsu ta gaskiya, wannan bai yi laifi ba. Waɗansu malamai ba su yarda da shi ba. Ni dai a nawa ganin ƙofa ce mai wuyar tsaro, don duk ɗan koren da aka kama cewa zai yi ceton mai kaya ya zo yi.

Abin mamaki, Amurka sai a 2010 ta rubuta irin wannan hani ƙarara cikin dokar kasuwanninta na kayan gona da ƙarafa: haramun ne ka sa tayi da niyyar janye shi kafin ciniki ya faɗa. Kalmar niyya tana cikin dokar kanta. Mutum na farko da aka ɗaure a kanta sunansa Michael Coscia. A 2011, cikin ƙasa da wata uku, ya ci ribar da ta haura dala miliyan ɗaya a kasuwar Shikago, inda yake cinikin zinariya da tagulla da man waken suya da dusarsa da kuɗaɗen ƙasashe. Dabararsa ita ce, in yana son ya sayar da kaɗan, sai kwamfutarsa ta zuba manyan tayin saye a ɗaya gefen, mutane su ga kamar masu saye sun yi yawa, farashi ya ɗaga, ya sayar da nasa, manyan tayin nan kuma su ɓace kafin ƙiftawar ido. A kotu ya ce shi kowane tayi da gaske ya sa shi, kuma ai kowa yana janye tayi. Gaskiya ne kowa yana janyewa. Amma aka kira wanda ya tsara masa aikin kwamfutar, ya ba da shaida cewa tun farko an gina ta ne don ta janye manyan tayin kafin a kama su. Aka kuma ƙirga aka ga ƙananan tayinsa suna faɗawa, manyan kuwa da ƙyar ake samun wanda ya faɗa. Aka same shi da laifi a watan Nuwamba na 2015, aka yanke masa shekara uku a 2016. Ba wanda ya shiga zuciyarsa. Sawunsa aka bi.

Najashu yana da ƙane, shi ne masu saye su haɗa baki a kan kada kowa ya wuce kaza. A fiƙihunmu an yarda ka roƙi mutum ɗaya cikin masu tayi ya bar maka, amma ba a yarda ka roƙi dukkansu ba, ko ka roƙi wanda in ya yi shiru kowa zai yi shiru. Dokar tarayya ta 2018 ta kare gasa da haƙƙin masu saye ta hana irin wannan haɗin baki, na masu saye ko na masu sayarwa, kuma tana duba ko dai manufar yarjejeniyar ko kuwa abin da ta haifar. Watau ko kun rantse kun zauna ne don zumunci, in zaman naku ya ɗaure farashi, kun shiga.

Sa'an nan akwai inda shari'a ba ta tambayar niyya ko kaɗan. Taren kaya a hanya, wanda malamai ke ce wa talaƙƙi. Baƙauye ya ɗoro dawa a amalanke ko a bayan babur zai shiga kasuwa, ka tare shi a bayan gari ka saye kafin ya ji yadda kasuwa ta tashi. Ko ka ce tausayinsa ka ji, ka rage masa wahalar hanya, hanin yana nan. Malikawa suna ganin haƙƙin mutanen kasuwa ne aka taɓa, shi ya sa ba su warware cinikin ba, amma a wani ƙauli ana bijiro wa 'yan kasuwar kayan su yi tarayya da mai taren a kan kuɗin da ya saya. Shafi'awa kuwa suna ganin haƙƙin mai kayan ne, in ya iso kasuwa ya ga an kware shi yana da zaɓi. Ko ta wane gefe ka bi, tushen abin ɗaya ne: kai ka san abin da shi bai sani ba, kuma ka tsare shi daga wurin da zai sani.

Wannan shi ya kawo mu ga abin da masu kasuwar hannun jari ke kira cinikin ɗan gida, watau mutum ya yi ciniki da labarin sirri wanda ya samu ta dalilin matsayinsa. Sai a rarrabe tukuna. Akwai sanin da mutum ya samu da guminsa. Ka buga waya Dandume da Funtuwa da Maraɗi, ka zaga gonaki ka ga yadda dawa ta yi kai, ka lura ruwa ya ɗauke da wuri, ka yi lissafinka. Wannan shi ne kasuwanci, ba wanda ya isa ya ce ka raba wa mutane. Akwai kuma sanin da aka ba ka amana. Ma'aikacin da ya ga takardar rufe iyaka kafin a sanar, kamar rufewar watan Agusta na 2019, ko takardar buɗe ta, ko ya san ranar da za a fito da hatsin gwamnati. Wannan labari ba nasa ba ne. A Amurka an yi irin haka a 1905. Wani ma'aikacin ƙididdiga a ma'aikatar gona, Edwin Holmes, yana ganin rahoton yawan audugar da za a samu kafin a fitar, sai ya riƙa yi wa abokin cinikinsa ishara da labulen taga, ya ɗaga ko ya sauke. Tun daga nan aka ɗauki al'adar kulle masu haɗa rahoton a ɗaki, a rufe tagogi, ba mai fita sai an sanar wa kowa a lokaci ɗaya.

A wurinmu ɗan gida shi ne dillali. Bari in ba ku abin da na gani da idona ina yaron maigidana, Allah ya jiƙansa. Wani baƙo mai sayen masara don abincin kaji ya sauka wurin wani dillali, ya gaya masa buhu nawa yake so da iyakar kuɗin da zai iya biya. Dillalin nan ya ce ya ba shi kwana uku. Washegari da asuba ya tura ƙanensa kasuwar ƙauye ya saye masarar da ke ƙasa, sa'an nan ya kawo baƙon wurin ƙanen a matsayin mai kaya. Ya ci riba, ya kuma ci la'ada. Da asiri ya tonu aka kai magana gaban dattawan kasuwa, sai ya ce wallahi shi dama yana da niyyar sayen masara a makon nan, zuwan baƙo dacewa ce kawai. Maigidana bai ce masa ƙarya kake ba. Cewa ya yi, "To Malam, bara war haka ka sayi masara?" Ya ce a'a. "Kuɗin da ƙanenka ya tafi da su, naka ne ko kafin alƙalamin baƙo ne?" Ya yi shiru. "In dama za ka saya, me ya hana ka gaya wa baƙonka kayan naka ne?" Nan ma shiru. Maigidana ya ce, "Niyyarka tsakaninka da Allah. Ribar dai ka mayar." Ya mayar, kuma daga wannan shekara baƙin kudu suka canza masauki.

Wannan hukunci na maigidana, da na girma na ji yadda Turawa suka yi da tasu mas'alar, sai na ga kusan hanya ɗaya suka bi. Wani kamfanin Beljiyam mai suna Spector ya sayi hannun jarinsa na kansa a 2003, jim kaɗan ya fitar da labari mai daɗi a kan cinikinsa, farashi ya tashi. Hukumar kasuwar ƙasar ta ci shi tara. Kamfanin ya ce shi ba don labarin ya saya ba, dama yana da alkawarin ba ma'aikatansa hannun jari, kuma ba a kawo hujjar cewa ya yi aiki da sirrin ba. Magana ta kai babbar kotun Tarayyar Turai. Ranar 23 ga Disamba 2009 kotun ta ce, ɗan gida in yana riƙe da labarin sirri ya kuma yi ciniki, to a ɗauka ya yi aiki da labarin, ba sai hukuma ta tono niyyarsa ba. Amma an bar masa ƙofa ya kawo hujjar da za ta kore wannan zato. Watau an juya nauyin. Maimakon mai tuhuma ya tabbatar da abin da ke zuci, wanda ake tuhuma shi zai nuna dalilinsa.

Waɗanda suka yi karatun Risala da Muhtasar a zaure ba za su ga baƙon abu a nan ba. Babin cinikin ajali a mazhabarmu a kan tuhuma aka gina shi. Ka sayar wa mutum kaya bashi a kan dubu goma sha biyu zuwa kaka, ka sake saye daga hannunsa nan take a kan dubu goma hannu da hannu. Kowane ciniki cikin biyun in ka dube shi shi kaɗai lafiyayye ne. Amma Malikawa suka hana, domin galibin masu yin haka riba ta haram suke nufi, kayan sun fita sun dawo, abin da ya rage goma ce aka ba da don a karɓi sha biyu. Ko kai naka nufin mai kyau ne, an toshe hanyar gaba ɗaya. Imamu Shafi'i bai bi wannan ba, shi yana hukunci da zahirin ciniki, ya bar baɗini ga Mai shi. Gardamar da lauyoyin Turai ke yi yau, malamai sun yi ta fiye da shekara dubu da ta wuce.

Sai dai fa akwai bambanci tsakanin mayar da haƙƙi da ɗauri, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. A fiƙihu wanda ya ɓata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ko da kuskure, amma horo sai mai ganganci. Ingila ma hanya biyu ta yi. Hanyar tara da hana mutum sana'a ba ta bukatar a tabbatar da mugun nufi. Hanyar kurkuku kuwa, bisa dokarsu ta 1993, sai an tabbatar mutum ya san labarin na sirri ne, ya kuma san daga cikin gida ya fito, kuma yana iya kare kansa da cewa ko babu labarin zai yi wannan ciniki. Ɗaurin yana kai shekara bakwai, a 2021 aka mai da shi goma. Amurka ta fi tsanantawa wajen neman hujja, tun 1976 kotun ƙolinsu ta ce sakaci kaɗai bai isa a kama mutum da zambar hannun jari ba, sai da nufin yaudara. Namu na Nijeriya, dokar hannun jari ta 2007 ta rataya hanin ne a kan sani: ɗan gida kada ya saya ko ya sayar in ya san labarin da ke hannunsa ba a fitar ba kuma zai motsa farashi. Sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta maye gurbinta, hanin yana nan, kuma ta shigo da kasuwannin kayan gona na zamani da rasidin sito ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari. Wannan ya shafe mu. Duk wanda ya fara kai masararsa sito a ba shi takarda yana ciniki da takardar, ya taka gonar wannan doka ko bai taɓa zuwa Legas ba.

Ni ra'ayina, juya nauyin nan daidai ne a kan dillali da ma'aikaci, domin su aka ba amana, kuma su kaɗai ke riƙe da hujjar da za ta wanke su. Amma a kan mai sito ban yarda da shi ba. Cikar sito ba alamar komai ba ce, sai an haɗa ta da lokacin saye da ƙin sayarwa da halin da gari ke ciki. In aka ce duk wanda aka gani da buhu dubu shi zai kawo hujjar shi ba ɓarawo ba ne, to masu kuɗi za su daina saye da kaka, kuma manomin Kabo shi zai fara ji a jikinsa.

Abin da ake dubawa in magana ta tashi, a gaban dattawan kasuwa ko a gaban hukuma, bai wuce irin tambayoyin maigidana ba. Shin ka saba yin wannan ciniki a irin wannan lokaci, ko yau ka fara? Da sunanka ka saya ko da sunan ƙane ko yaro? An zo saye a kan kuɗin kasuwa ka ce babu, alhali sito a cike? Tayin da kake yi, kana biya in an sallama maka, ko kullum sai ka zame? Shi ya sa ni tun abin Dawanau na sayi littafi. Duk buhun da ya shiga sitona ina rubuta ranarsa da kasuwar da aka saye shi da kuɗinsa, in na kwangila ne in maƙala takardar mai shi, in kuma dillanci nake yi wa baƙo ina da irin kayan a hannu, sai in gaya masa tun a zaure kafin mu fita, in sa yaro ya rubuta cewa na gaya masa.